Fam 500 na tura gida, ina dubu sittin ta maƙale?

Ɗan Fagge (Coventry): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah waɗanda suka riga mu zuwa ƙasashen nan su ɗora ni a hanya. Wata na biyar ke nan da zuwa karatu, ina ɗan taɓa aikin kula da tsofaffi a ƙarshen mako. Jiya na shiga wani shago kusa da masallacinmu, an manna takarda a ƙofa cewa tura kuɗi Najeriya kyauta ne, ba caji. Na ba da fam 500 a tura wa Hajiyarmu. Da safe na duba Google, fam tana wajen naira 2,000, wato ina sa ran miliyan ɗaya cif. Alat ɗin da ya shigo mata 940,000 ne. Na koma shagon, mutumin ya nuna mini rasit ya ce ga shi nan, sifili suka caje ni. To ina dubu sittin ta shiga? Kuɗin nan tsayuwar dare na yi na same su.

Maman Iman (Manchester): Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, ka biya kuɗin makaranta, dukkanmu mun biya. Duba rasit ɗin da kyau, can ƙasa da ƙananan rubutu, za ka ga farashin da suka canza maka.

Ɗan Fagge (Coventry): Na gani Anti. 1,880 aka rubuta.

Malam Akanta (Landan): To ga dubu sittin ɗinka nan. Naira 120 suka rage a kan kowace fam, sau 500. Ba ƙarya ya yi maka ba da ya ce babu caji, sai dai la'adarsa a cikin farashi ya cusa ta. Duk mai tura maka kuɗi ta ƙofa biyu yake ci: cajin da yake faɗa da baki, da kuma ratar da ke tsakanin farashinsa da farashin tsakiya, wato wanda ka gani a Google, wanda manyan bankuna ke saye da sayarwa a kusa da shi. Ta farkon kowa na ganinta, shi ya sa ake tallar ta. Ta biyun ce mai cizo.

Bari in yi maka lissafi da alƙalumanka. A ce wata manhaja ta cire fam 4 a fili, ta canza maka sauran 496 a kan 1,990. Hajiya za ta karɓi 987,040. Wanda ya caje ka ya fi wanda ya yi maka "kyauta" da dubu arba'in da bakwai. Saboda haka ka daina tambayar nawa ne caji. Ka tambaya: idan fam 500 ta fita daga aljihuna, naira nawa za ta sauka a asusun Hajiya? Ka buɗe wurare uku ka sa adadi ɗaya a cikin minti ɗaya, ka ɗauki wanda ya fi.

Kuma abin da ya same ka shi ne abin da ke samun kowa. Babban Bankin Duniya na bibiyar tsadar tura dala 200, matsakaicinta a duniya ya daɗe yana wajen kashi 6 cikin ɗari, kuma zuwa ƙasashenmu na kudu da Sahara ne ya fi ko'ina tsada, kusan kashi 8. Burin Majalisar Ɗinkin Duniya a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Kai kashi 6 daidai suka ci maka.

Ɗan Fagge (Coventry): Ikon Allah. Wallahi har godiya na yi wa mutumin sau biyu.

Baban Walid (Jidda): Haha, ai shi ma ya gode. Mu nan Saudiyya abin ya fi sauƙin ganewa, tunda riyal a ɗaure take da dala tun 1986, riyal 3.75 dala ɗaya. Ni kullum in zan tura, sai in raba kuɗina da 3.75, in duba dala nawa take a gida, shi ke nan na san abin da ya kamata ya isa. Abin da sababbin zuwa ba sa lura da shi, cajin da aka rubuta a allo akwai harajin kashi 15 da ke hawa kansa. Ba yawa, amma mai tura riyal 300 sau huɗu a wata zai ji a jikinsa.

Na Maraɗi (Lyon): Mu kam Allah ya hutar da mu wanga lissafi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro guda sefa 655.957, ba ta motsi ko ana ha maza ha mata. Yuro 100 jika sittin da biyar ne da 'yan kai, 65,595. In mutanen gida sunka ce mini jika sittin da uku sunka amsa, na san an ci mini wajen 2,600, ba wani zancen "kasuwa ta faɗi". Amma ku 'yan Najeriya ku bar cewa dala haka kawai in kuna magana da mu, wurinmu dala sefa biyar ce. Wani yaro ya taɓa gaya wa tsohuwata zai aiko mata dala ɗari, ta ce ya bar abinshi ya sha shayi.

Maman Iman (Manchester): Na Maraɗi ka ba ni dariya. To bari in ba ku nawa, don ba wajen turawa kaɗai ake yanka ba. Shekarar da muka je Umra da maigidan, na sa katina na nan a wata ATM a Makka zan ciri riyal 1,000. Sai ta tambaye ni: a cire miki da fam ko da riyal? Har ta nuna mini adadin fam ɗin, tana cewa wannan farashi tabbatacce ne. Na ce to ai gara abin da na sani, na danna fam. Maigidan yana bayana, katinmu iri ɗaya, shi ya danna riyal. Da muka koma masauki muka duba, nawa ya fi nasa da kusan fam 12. Na'ura ɗaya, rana ɗaya, tsakaninmu ko minti uku babu. Har yau in ana gardama a gida sai ya ce "a cire miki da fam?"

Malam Akanta (Landan): Hajiya wannan tarkon ya kama mutane da yawa. In kika zaɓi kuɗin ƙasarki, mai na'urar ne ke yin canjin da farashin da ya ga dama. In kika zaɓi kuɗin ƙasar da kike tsaye a cikinta, Visa ko Mastercard ne ke canzawa, kuma nasu ya fi kusa da farashin tsakiya. Haka ma in an miƙo miki na'urar biya a otal ko kanti. Kina Makka, riyal. Kina Dubai, dirhami. Kina Istanbul, lira. Sai kuma a duba katin kansa: yawancin katunan manyan bankunan Ingila suna ɗora kusan kashi 3 kan duk abin da aka saya da kuɗin waje, wasu kuma ba sa ɗora komai. Kafin tafiya a karanta takardar cajin, shafi ɗaya ce.

Alhaji Mai Canji (Dubai): Ina ta karanta ku ina murmushi. Duk wannan manhaja da manhaja, kun manta da abin da iyayenmu ke yi tun kafin a haifi waya. Shekara ashirin na yi a Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge a Kano, kafin in dawo nan. Mutum ya ba ka kuɗi a Kano, ka buga waya, a ba ɗansa a Jidda ko Alƙahira kafin ya gama shan shayi. Ba fom, ba a tambaye ka takardar albashi. Ɗan Fagge, kai da ka fito daga Fagge ma za a koya wa wannan? A nan Coventry ɗin akwai ɗalibai da iyayensu ke neman fam ido rufe don kuɗin makaranta. Kai kana da fam kana neman naira. Uban yaro ya tura wa Hajiya naira a gida, kai ka tura wa yaron fam. Ku raba farashi a tsakiya, ba wanda ya ci ku.

Ɗan Fagge (Coventry): Ranka ya daɗe, gaskiya wannan ta kwanta mini. Akwai ma wanda ya yi mini tayin haka.

Maman Iman (Manchester): Tsaya tukuna ƙanena. Alhaji, da girmanka, amma Wapa daban, Ingila daban. A Wapa kowa ya san gidan uban kowa. Wata yarinya da muke aiki tare, ita ce ta ɓangaren karɓa: za ta ba da naira a gida a sa mata fam a nan. Wani da ta sani a zauren WhatsApp kawai ya haɗa ta. Fam ɗin suka shigo, amma daga asusun mutum uku da ba ta taɓa jin sunansu ba. Bayan kwana biyu bankinta ya rufe asusun, albashinta na ciki, kuɗin haya na ciki. Ashe ɗaya daga cikin ukun damfararsa aka yi, aka ce ya tura can. Ta yi wata biyu tana kai da komo da takardu, mu muka haɗa mata kuɗin haya. Daga baya ma da ƙyar ta samu wani bankin ya buɗe mata. Kuma naira ta riga ta tafi. Mai bizar karatu bai da ƙarfin ɗaukar irin wannan.

Alhaji Mai Canji (Dubai): Hajiya ai wannan ba canji ta yi ba, ganganci ta yi. Ni na ce ya yi da wanda bai sani ba? Sana'ar nan gaba ɗaya amana ce. Wanda ka san shi, ka san mahaifinsa, kuɗi daga asusunsa mai sunansa zuwa naka. Kuma kada a mayar da bankuna waliyyai. Lokacin da dala take 460 a banki, 750 a hannunmu, wa ya riƙe mutane? Duk mai hankali ta wajenmu ya bi.

Malam Akanta (Landan): Alhaji yana da gaskiya a tarihin, amma zamanin ya juya. A da ratar da ke tsakanin farashin gwamnati da na kasuwa ta kai a yi kasada dominta. Shi ya sa a ƙarshen 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a riƙa biyan mutane da dala a hannu, a Maris 2021 har ya ƙara da tukuicin naira 5 kan kowace dala, don a janyo mutane su dawo hanyar banki. A Yunin 2023 aka saki naira, sannan a Janairun 2024 aka ce kamfanonin tura kuɗi su riƙa biya da naira kawai, kuma da farashin kasuwa. Tun daga nan ratar ta tsuke sosai. Yau abin da za ka samu a musayar hannu kan fam 500 bai taka kara ya karya ba idan ka gwada da manhaja mai kyau. Ka sa asusunka a haɗari saboda kuɗin cefanen kwana biyu?

Ban ce haramun ne ka yi musaya da ɗan ajinku da kuke cin tuwo tare ba. Amma in za a yi, kuɗin su fito daga asusun shi kansa, ku ajiye saƙonninku, kuma kada ta zama sana'a. Ranar da ka fara haɗa wannan da wancan kana cin la'ada, ka zama mai tura kuɗi ba lasisi, kuma wannan laifi ne a nan.

Alhaji Mai Canji (Dubai): To Malam, na ji. Amma a rubuta cewa ban yarda manhaja ta fi mutum ba. Ranar da kuɗinka suka maƙale, ni za ka same ni a waya. Ita kuwa na'ura ce za ta riƙa ba ka haƙuri.

Maman Iman (Manchester): Wannan kam gaskiyarka ce Alhaji, na taɓa kwana huɗu ina hira da na'ura.

Ustaz (Madina): Assalamu alaikum. Tunda an zo maganar musaya, akwai gefen da ba a taɓo ba. Canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu, kamar yadda ya zo a hadisin Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim, cewa idan jinsi ya bambanta a sayar yadda aka so matuƙar hannu da hannu ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa. Saboda haka tiransifa ba matsala. Inda ake zamewa shi ne "ba ni fam yau, in an yi albashi ƙarshen wata zan sa maka naira a kan kaza". Wannan canji ne da jinkiri, a guje shi. In rance ne, a kira shi rance, fam ka bayar fam za a dawo maka. Na biyu, masu tura kuɗi da katin bashi su sani yawancin bankuna suna lissafa shi kamar ka ciri tsabar kuɗi, ruwa na fara hawa daga ranar. Ga asara ga kuɗin ruwa.

Baban Walid (Jidda): Allah ya saka da alheri Ustaz. Wannan ta "ƙarshen wata" kam muna yinta da yawa a nan, sai mu gyara.

Ummi (Houston): Ina ta bi a hankali saboda bambancin lokaci. Na Amurka su lura, daga 1 ga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 kan kuɗin da aka tura waje idan tsaba ka kai kanti aka tura maka. In daga asusun banki ne ko katin bankin nan, bai shafe ka ba. Wato dai mai zuwa shago da kuɗi a hannu shi ne kullum a ƙasa. Tambayata ga Malam Akanta: ni ina da asusun dala a gida, ina so dalar ta shiga a dalarta. Na tura 1,000 ta banki, bankina ya ciri nasa a nan, amma can 965 ta isa. Na tambayi nan sun ce ba su ba ne, can ma sun ce ba su ba ne.

Malam Akanta (Landan): Duk su biyun na iya zama masu gaskiya. Tura kuɗi ta SWIFT, wato hanyar da bankuna ke bi wajen tura kuɗi ƙasa zuwa ƙasa, kamar motar haya ce da ba ta zuwa garinku kai tsaye, sai an yi canjin mota, kuma kowace tasha da kamashonta. Bankunan tsakiya ne suka yaga. A fom ɗin akwai zaɓi uku: OUR, kin ɗauki duk cajin, SHA, an raba, BEN, mai karɓa ya ɗauka. Yawanci SHA ake sa wa mutum bai sani ba. Ga mai biyan kuɗin makaranta wannan ba wasa ba ne, na ga yaron da aka hana rajista saboda cikon fam ashirin da 'yan kai da suka zube a hanya. Tunda cajin SWIFT kusan ƙayyadadde ne, ba ya la'akari da yawan kuɗin, bai dace da ƙananan kuɗi ba. Tara ki tura da kauri, sau biyu ko uku a shekara.

Na Maraɗi (Lyon): Mu cikin Turai in yuro ne zuwa yuro, SEPA muke bi, tsarin tura yuro tsakanin bankunan Turai, daga Faransa zuwa Beljiyam ko Jamus kamar cikin gari ne. Kada wani ya bari a yi mishi SWIFT a nan.

Maman Iman (Manchester): Malam, wannan shawara ta "tara ka tura da kauri" a takarda take da kyau. Ka taɓa tura kuɗin wata uku gida a dunƙule? Ranar da suka sauka ranar ake haihuwa, ranar rufin ɗaki ke yoyo, ranar ɗan wane zai yi aure. Kafin sati biyu an kira ka. Abin da ka tsira da shi na caji ka biya ninkinsa goma.

Baban Walid (Jidda): Wallahi Hajiya kamar kina gidanmu.

Maman Iman (Manchester): Abin da nake yi, ina turawa sau ɗaya zuwa asusuna na naira, mai sunana. Daga nan nake rarrabawa da kaina: na Inna ranar ɗaya ga wata, na makarantar yara in an koma, na mai gadi. Tiransifa a cikin gida 'yan nairori ne, da naira 50 ɗin nan ta gwamnati in kuɗin sun kai dubu goma. Ba wanda ya san abin da ke ciki sai ni. Wahalarsa ɗaya, layin waya. In layinka na gida ya mutu, lambar sirri ba za ta shigo ba, ka rasa hanyar shiga asusunka. Ni tsohuwar waya na ware masa, tana cikin durowar kicin a jone, duk wata ina sa masa kati in yi kira ɗaya.

Ummi (Houston): Anti, wanda ya fito tun kafin a fara BVN, lambar tantance masu asusun banki a gida, fa? Mijina tun 2011 rabonsa da bankin gida.

Malam Akanta (Landan): A 2025 Babban Banki ya buɗe hanyar yin BVN ga mazauna waje ta intanet, NRBVN suke ce mata, ba sai ya je gida ba. Ya bi ta shafin hukuma, kada ya ba wani fasfonsa a WhatsApp ya ce zai yi masa.

Ɗan Fagge (Coventry): To wata tambayar. Wani abokina ya ce in riƙe fam ɗina, naira faɗuwa take yi kullum, in na jira zan samu fiye.

Alhaji Mai Canji (Dubai): Nan kam bari in ba ka amsa, fagena ne. A Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900 a kasuwa, kowa ya rantse sai ta kai dubu biyu da rabi. Mutane suka sayar da filaye suka sayi dala. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauko wajen 1,100. Na san waɗanda har yau ba su farfaɗo ba, kuma 'yan kasuwa ne da suka ƙware. Kuɗin cefanen mahaifiya ba a caca da su, yaro. In lokacin turawa ya yi, tura. Abin da kawai zan ce, ka guji Asabar da Lahadi in ba dole ba, kasuwar duniya a rufe take, wasu kamfanonin sukan ƙara wani abu don kare kansu.

Malam Akanta (Landan): Yau ni da Alhaji mun haɗu a layi ɗaya, a rubuta. Ƙari ɗaya: farashin da manhaja ke ba sabon shiga na marhabin ne, tura ta biyu ko ta uku sai ya canza. Kada ka yi aure da kowace. Kuma da yawansu ba bankuna ba ne, ba su cikin tsarin inshorar ajiya irin na banki, don haka a bi ta cikinsu a wuce, kada a mayar da su ma'ajiyar albashi.

Baban Walid (Jidda): Masu cewa za su riƙo tsaba in za su gida kuma, a tuna da bayyanawa a filin jirgi. Ingila daga fam 10,000 ne, Najeriya abin da ya haura dala 10,000. Kuma kada a canza ko sisi a filin jirgi sai na tasi.

Shugaban Zaure: Jama'a an amfana. Tunatarwa: mutum biyu sun turo lambobinsu suna cewa a tuntuɓe su don farashi mai kyau, na goge. Ba a tallar canji a zauren nan, kuma duk wanda ya bi wani ta bayan fage ya bi don kansa.

Ɗan Fagge (Coventry): Salam, na dawo da rahoto. An yi albashi jiya Talata. Na buɗe manhaja uku a lokaci guda kamar yadda Malam ya ce, na sa fam 500 a kowace. Tsakanin ta sama da ta ƙasa akwai kusan dubu goma sha tara, kuma wadda ta fi bayarwa ba ita ce mai cewa kyauta ba. 984,000 ta shiga cikin minti shida. Sai ga Hajiya ta kira, wai an ƙara mini albashi ne ban faɗa ba? Na ce a'a, hanya na canza. Ba ta yarda ba.

Maman Iman (Manchester): Asusun wa ka tura?

Ɗan Fagge (Coventry): Nata, Anti. Nawa na gida layin ya mutu tun watan da na zo.

Maman Iman (Manchester): Ai kuwa ka shirya.

Ɗan Fagge (Coventry): An riga an fara. Ƙanina ya turo lambar asusunsa da asuba, ko sallama babu.